Kawu Mai Ƙaho da Sauti Mai Suna Uku

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa ƙaho a badujalar ma'aikatan jirgin ƙasa, shi ya sa har yau unguwa ba ta san shi da wani suna ba sai Mai Ƙaho. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji da saurin fushi. A can aka koya masa kiran sautukan kiɗa da haruffan boko, E, Bi, Si, Di, kuma a ganinsa haka duniya duka take kiransu.

Da ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi. Sai ya kwashe tsofaffin tayoyi daga gareji, ya jera benci, ya ce zai kafa ƙungiyar kiɗa. Mutum biyu ya samu. Akwai Tela, maƙwabcinmu, mai tsohuwar fiyanon lantarki, wanda ya koyi kiɗa da do, re, mi. Akwai kuma surukinsa Likita, mijin babbar 'yarsa da muke kira Yaya, wanda ya koyi kaɗa jita a ƙasar da ya yi karatu. Ni nawa kai musu ruwa ne da toshe kunne.

Tun zaman farko aka fara samun matsala. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Si!" Tela ya danna, shi ya busa, sautukan biyu suka yi karo kamar ana jan ƙofar ƙarfe.

"Tela, Si na ce maka!"

"Ai ita na danna, Maigida."

"Yatsunka ne suka saba da allura. Sake!"

Aka sake, abin bai canja ba. Kawu ya haƙura da wannan ya ce a koma Bi. Sai kuma jitar Likita ta zame ƙasa kaɗan, tana kuka ita kaɗai. Kawu ya harare shi. Likita ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Baba," don ba ya iya musu da surukinsa ko a kan launin sama ne.

Haka aka yi ta fama har makonni suka shige. Kawu ya zargi fiyanon, ya sa aka kai ta wurin mai gyara, aka dawo da ita an ce lafiyarta ƙalau. Ya canja wa jita tsirkiya. Ya fara ce wa Goggo, matarsa, wai ya aurar da 'yarsa ga mutumin da ba ya ji, kuma a hakan yake sa wa marasa lafiya abin sauraro a ƙirji. Goggo ta ce ita dai kanta ke ciwo, su ukun duk ɗaya ne a wurinta.

Maganar ta kai kunnen Yaya. Wata Asabar da hantsi ta faɗo garejin da jariri a baya, ta ce wa mijinta, "Ka faɗa masa abin da kake faɗa mini a gida, ko ni in faɗa."

Likita ya share gumi. "Baba, ba wai gyara nake yi muku ba. A inda na koya, wanda kuke kira Bi, Ha muke ce masa. Bi ɗinmu shi ne na ƙasa da shi kaɗan."

"Ha? Ana tafiya E, Bi, Si, daga ina Ha ta faɗo?"

Tela ya leƙo ya ga inda Kawu ya ɗora yatsa a fiyano, ya tafa hannu. "Af! Ai wannan ita ce si ɗinmu! Wadda kuke kira Si kuwa, do ce."

Kawu ya zauna a benci a hankali. Sauti guda, shi yana ce masa Bi, Tela si, Likita Ha, kuma kowa da gaskiyarsa. Wannan ne ya fi ƙona masa rai, don ya rasa wanda zai yi wa faɗa.

"Kai kuma ka sani tun farko ka yi shiru?"

"Na ɗauka da gangan kuke so ya fita haka, Baba."

Kawu ya tashi ya shige gida.

Washegari ya kafa doka: an haramta kiran sunan sauti a garejinsa. In yana son wani, sai ya busa shi ya ce, "Wannan!" Kiɗan ya gyaru, har makarantar unguwa ta gayyace su suka yi wa yara wasa, aka yi musu tafi. Amma Kawu bai huce ba. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya zaunar da shi ya ba shi labarin mutanen da suka ƙera jirgin sama amma suka kasa shirya kansu a kan sunaye bakwai. Kwanan baya wani mai sayar da kayan mota ya nemi shiga ƙungiyar da sarewarsa, ya ce shi sunayen sautin da ya koya su ne sa, re, ga, ma. Kawu ya raka shi har bakin titi, ya ce ya gaida gida.