Zanen Fensir a Bangon Inna Abu

A gidanmu na Wudil ba a jin tatsuniya hannu na zaune. Kakata, Inna Abu, ɗinkin hula take yi, kuma duk jikan da ke son zama gaban murhunta bayan isha'i sai ta ba shi abin yi. Ni nawa aikin fitar da fensir ne. Da fensir take zana ado a ƙyalle kafin ta soka allura, in ɗinki ya ƙare sai baƙin layin ya riƙa leƙowa ta gefen zare. Ita ta koya mini yadda ake yi: a fara murzawa da kilina, robar goge fensir, tun ƙyallen yana bushe, abin da ya ƙi fita a bi shi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, kuma kada dutsen guga ya hau sai ya fita tas.

Inna ba ta ajiye zanenta a takarda. Duk adon da ta ƙirƙiro, a farin bangon ɗakinta take zana shi, daga ƙasa har inda hannunta ya kai. Akwai guda a bayan ƙofa, na mahaifiyarta ne, a cikin kanta Inna ta taho da shi daga ƙauyen Utai.

"Takwara, matso, ga ta nan ta iso," haka take ce mini, don sunanta na ci.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta wata yarinya 'yar ƙauye da ta tafi birni. Tana tafe tana share sawunta da tsintsiya, don kada 'yan birni su bi su ga bukkar da ta fito. Ta ci, ta sha, ta yi ƙiba. Ran nan kewar uwarta ta kama ta, ta fito bakin gari, sai ga hanyoyi bakwai, kowace fes, ba sawu ko ɗaya.

"To sai ta yi yaya, Inna?" in tambaya.

"Tana can tsaye da tsintsiyarta," in ji ta. "Ta ƙare nan. Miƙo mini hular in ga aikinki."

Mu dariya muke yi, muna cewa wannan yarinya akwai wauta.

Ina shekara ta biyu a jami'ar da ke nan Wudil ƙawayena na aji suka ce za su zo ganin gidanmu, tunda ni ce 'yar gari. 'Ya'yan manyan birane ne, kuma na riga na cika musu baki. Inna ta tafi bikin suna a garin Darki, kwana uku. Na shiga ɗakinta na dubi bangon, kunya ta rufe ni. Ba zan ce ban san mene ne ba. Na sani sarai. Na ɗauko kilina da soso da ruwan sabulu, na yini ina gogewa, har bayan ƙofa ban ƙyale ba.

Ƙawayen suka zo, suka zauna a tsakar gida, suka sha zoɓo, suka tafi. Ko ƙofar ɗakin ba wadda ta kalla.

Da Inna ta dawo, ta daɗe tsaye da ƙunshin kayanta a hannu. Sannan ta janyo ƙofa ta leƙa baya, ta shafa wurin da tafinta.

"Sannu da aiki, Takwara," ta ce. "Ko ɗigo ba ki bari ba."

Da ma ta zage ni. Washegari na sayo mata littafi da sabon fensir. Ta tuno zane biyar ko shida, idonta kuma ya riga ya yi rauni. Na mahaifiyarta ta yi ta gwadawa tana gogewa har takardar ta huje, bai dawo ba. Ba ta sake tayar da zancen ba har ta rasu, kuma ba ta sake ba da tatsuniyar nan ina wurin ba.

Yanzu maƙwabta ni suke nema in yaro ya ɓata musu bango ko rigar makaranta, kuma ina fitar musu tas. Haushin kaina bai taɓa sakina ba. Shekaru na yi ina wa yarinyar can dariya, ashe ita sawunta kaɗai ta share, ni kuwa har da na wasu na haɗa. Duk sanda na je gida nakan tura ƙofar ɗakin in haska bayanta da fitilar waya, ko zan ga ragowar layi ɗaya. Babu. Inna ta koya mini aikin da kyau.