Gidan da anka ce na duhun kai ne

Jiya anka yi hira a rediyo kan yayana, marubucin wasan kwaikwayon nan da ƙasa duk ta sani. Wani mai dogon karatu ya ce wai gidan duhun kai ya fito, lakkwal ɗin Filinge, wato makarantar boko, ita ce ta buɗe mishi ido. Na kashe rediyon.

Duhun kai? Ya san kakarmu?

In ta dawo daga kasuwa, ƙafa duk ƙura, kwandonta na ƙamshin daddawa, sai ta tsaya tsakar gida ta zama dillali, ta zama mahauci, ta zama jandarma. Mu yi ta dariya har tuwo ya huce.

Ranar da malaminsu ya koro yayana, wai ya cika kwaikwayon mutane cikin aji, ita ta kama hannunshi ta mai da shi cikin rana tsaka, ina biye da su. Ta ce ma malamin, "Mushe, wannan gadon gidanmu ne. Kai dai koya mishi ya rubuta."

Awa guda masu hirar rediyon nan suna surutu kafin in kashe, ko sau ɗaya ba su ambace ta ba.

Allah ya jiƙan ki, Kaka, ya cika kabarinki da hasken da sunka ce babu shi a gidanki.