Atamfar Da Na Zana, Aka Ce Satowa Na Yi

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Fagge babu wanda ya kai ni iya riƙe alƙalami, na buɗe shagon zane wanda ba shi da ƙofa balle kwado. A cikin waya yake. Akwai wani guruf na masu sana'ar hannu na Kano, masu ɗinki, masu kek, masu lalle, masu haɗa katin biki, kowa na tallar hajarsa, masu saye kuma suna leƙowa. Nan na shiga na sanar cewa ina zana hoton mutum da tambarin sana'a da katin gayyata, duk mai so ya yi min magana. Jarina kaf wata tsohuwar tablet ce da na saya a Sabon Gari, gilashinta a tsage ta gefe, sai alƙalaminta da sai ka danna shi da ƙarfi kafin ya yarda ya ja layi.

Wadda ke kula da guruf ɗin wata mata ce 'yar Zariya, Kirista, tana da shagon buga kati a Sabon Gari. Anti kowa ke ce mata. Mace ce mai kirki amma ba ta wasa da doka, kuma babbar dokarta guda ce: duk wanda ya ɗora aikin wani ya ce nasa ne, waje. Ni kuwa har tafi na yi wa dokar nan, don a lokacin ina ganin don kare irina aka kafa ta.

Kasuwa ta fara buɗewa a hankali. Yau wata ta ce in zana mata ɗanta da rigar makaranta, gobe mai sayar da yaji ta ce tana son tambari. Duk aikin da na gama sai in ɗora a guruf, a yi ta sa albarka, daga nan wani ya gani ya biyo. Ban da wata talla sai wannan. Sunana a guruf ɗin nan shi ne shagon gaba ɗaya.

Ana cikin haka abokina ya zo min da magana. Tare muka tashi a layi ɗaya, tare muka sha bulalar makarantar allo, a lokacin yana tsaron shagon kawunsa a Kantin Kwari. Kawun nasa babban dila ne na atamfa, daga waje ake buga masa kaya. Ya ce an sa ranar ƙanwarsa, kuma dangi sun ce ba sa son ankon da za a shiga kasuwa a ɗauko, a je wurin biki a tarar da mai tuyar awara sanye da irinsa. Suna son zanen da babu shi a ko'ina, kawu zai aika a buga musu na dangi kawai.

"Kai ne za ka zana mana, mutumina," in ji shi. "Amma ka san sha'anin anko. Kada ido ya gani sai ranar kamu. Ko a guruf ɗin nan naku kada ka ɗora."

Na ce haba, ai ƙanwarka ƙanwata ce, wannan gudummawata ce ta biki. Na yi masa alkawari ba wanda zai gani.

Na daɗe ban san me zan zana ba, sai wata ranar da na zauna a tsakar gida ina kallon mahaifiyata tana aikinta. Mu asalinmu Barno ne, kakanninmu suka zo Kano suka zauna, kuma turaren wuta shi ne sana'arta tun kafin a haife ni. Ta zuba turare a kasko don ta gwada, hayaƙin ya tashi yana murɗewa, ya rabu biyu, ya sake haɗewa a sama. Shi na zana. Ƙaramin kasko a ƙasa, hayaƙi na tashi yana zama ganye, ganyen na komawa kasko na gaba, a kan shuɗi mai duhu da ruwan zuma. Na yi ta gyara har wuyana ya ƙage. Da na nuna mata sai ta riƙe tablet ɗin nesa da fuskarta ta ce, "Yanzu kaskona ne ka sa a zane? To Allah ya sa masu sawa su yi ƙamshi."

Na tura wa abokina cikakken zanen, ba tambari a kai, ba sunana ko a gefe. Wa zai tsaya manna suna a kan kyautar biki? Ya turo min saƙon murya yana ta ihu, wai amarya har da rawa.

Watanni suka wuce. Sai na ji a bakin mata cewa an ɗaga bikin, ango bai gama gini ba. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na ci gaba da riƙe alkawari. Zanen nan shi ne mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi, kullum sai na buɗe shi na kalla, yatsana na ƙaiƙayin in ɗora, in danne zuciyata in rufe.

Wata rana da hantsi na hau adaidaita daga Bata zan koma gida. A daidai shataletale wata mata ta tsayar da mu ta shigo gaba kaɗan da ni, ta tattara mayafinta, sai ga kaskon mahaifiyata a kan zaninta. Na ƙura ido har matar ta juyo ta harare ni. Na ce, "Yi haƙuri Hajiya, don Allah atamfar nan a ina kika saya?"

"Kai kuma a wane gari kake? Ai ita ake yayi. Hayaƙin amarya ke nan. Kwari ko'ina akwai, in ma ba ta ƙare ba."

Ku san irin wautata, ban ji haushi ba a lokacin. Daɗi na ji, baki har kunne. Zanena har ya samu suna a bakin matan Kano! Ban tsaya tambayar yadda ankon da aka ce sirri ne ya fito kasuwa ba. Na ce tunda duniya ta gani ai alkawari ya sauka. Ko gida ban ƙarasa ba na ɗora zanen a guruf, na rubuta a ƙasa cewa ga aikina, ni na zana atamfar da ake yayi, masu son irin wannan ƙofa a buɗe take. Na sa wayar a aljihu ina jiran ruwan sa albarka.

Da na ciro ta, abin da na tarar daban. Wata mai ɗinki ta ɗora hoton turmin atamfar a kan kekenta, ta ce ta ɗinka ta ya fi a ƙirga tun watan jiya. Wata ta ɗauki hoton bakin atamfar, inda aka buga da Turanci cewa a Turai aka tsara shi. Wani ya rubuta, "Malam ka ji tsoron Allah, ka ɗora hoton atamfa ka bi layi ka ce kai ka zana?" Wata da na taɓa yi wa tambari ta ce yanzu ita hankalinta ya tashi, ko nata ma wani wurin na kwaso. Na ɗora hotunan aikin tun yana zanen fensir, da ranar da na fara a jiki. Sai aka ce ai wanda ya iya haɗa hoto a waya, rana ce za ta gagare shi haɗawa? Wato iyawar tawa ma ta zama hujja a kaina.

Washegari na tafi Sabon Gari wurin Anti. Na same ta tana yanka katunan biki, injin na ƙara a bayanta. Ta ba ni kujera, ta karɓi tablet ɗin, ta daɗe tana duba zanen, tana buɗe shi kashi kashi.

"Ƙanena," ta ce, "ni aikin bugu nake yi, na san hannun da ya ƙirƙira da hannun da ya bi layi. Zuciyata ta yarda da kai. Amma guruf ba zuciyata ba ce. Na kori mutane a kan abin da bai kai wannan ba, in na bar ka za a ce son kai. Ka kawo min mutum ɗaya daga gidan da suka buga atamfar, ya yi magana da bakinsa ya ce kai ka zana. Ko saƙon murya ne. Ni da kaina zan ɗora, kuma duk wanda ya zage ka sai ya ba ka haƙuri."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na fito ina murmushi, don a raina abokina ne kawai zan kira.

Bai ɗauka ba. Na sake kira, bai ɗauka ba. Na taka har Kwari, na kutsa ta cikin 'yan dako da masu baro, na same shi a shago yana sauke wa wasu mata turame. Zanena ne jere tun daga ƙasa har rufi, har da launukan da ban taɓa sa masa ba, wani kore, wani ja. Da ya gan ni ya ja ni bayan shago.

Ya ce da aka ɗaga biki kaya sun riga sun iso, kuma kamfani ba ya buga kaɗan, dole kawu ya cika oda. Kawu ya ce ba zai bar dukiya tana kwance ana jiran ango ya yi rufi ba, ya fitar, ta karɓu, ya sake aikawa a ƙaro. Amarya ma ta yi kukanta ta gaji, an zaɓi wani ankon.

Na ce, "Duk na ji, ban zo rigima ba. Abu ɗaya nake so. Ka ɗauki wayarka ka ce ni na zana. Shi ke nan."

Ya sunkuyar da kai yana wasa da almakashi. "Mutumina, ka gane mana. Kawu a matsayin zanen Turai yake sayar da ita. Ranar da aka ji cewa ɗan Fagge ne ya zana a waya, wallahi ko rabin kuɗinta ba za a taya ba. Kuma a ji daga bakina? A shagon nan nake ci."

"To ni a ina nake ci?"

Muna tsaye kawun ya leƙo, da alama ya ji komai. Na durƙusa na gaishe shi, don tun ina yaro nake gaishe shi. Ya ce, "Kai ne mai zanen? Madalla, Allah ya yi albarka, hannunka na da kyau." Ya juya ya ce wa abokina, "Ɗauko masa turmi ɗaya ya kai wa mahaifiyarsa." Ya koma ciki abinsa.

Ban karɓa ba. Wannan kaɗai ne abin da na yi a ranar da har yau nake jin daɗin tunawa. Na fito idona ya cika, na bi ta cikin kasuwa ina karo da mutane, ina ta cewa a yi haƙuri.

Anti ta jira ni har ƙarshen mako, sannan ta kira ta ce ba yadda za ta yi. Ta cire ni, ta rubuta a guruf cewa an cire wane bisa doka. Masu aikin da ke hannuna suka janye ɗaya bayan ɗaya, wasu da sallama, wasu sai dai na ga sun toshe ni. Mahaifiyata ta so ta je gidan su abokina ta yi magana, na hana ta. Ta ce, "To ni dai na san kaskona." Amma shaidar uwa ba ta shiga guruf.

Na yi kusan shekara ban taɓa alƙalami ba. Daga baya na dawo, na sake farawa a wani wurin da wani suna, kuma alhamdulillahi yau ina ci ina sha da zane. Abokina muna haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza, mu yi musabaha, ya tambayi Inna, in tambayi iyali. Bai taɓa tayar da maganar ba. Mutane na cewa in yafe, kuma ina ganin na yafe dukiyar da aka tara da zanen, don dama kyauta na bayar. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne an kira ni ɓarawo a gaban mutanen da nake ganin girmansu, saboda na riƙe alkawarin anko, kuma wanda na riƙe wa alkawarin yana da baki ya yi shiru. Yanzu ko katin sunan jaririn ƙanwata zan zana, sai na manna sunana a tsakiya kafin ya bar hannuna. Ana ce min na cika tsanani, ni kuma ba na musu.

Bara wata Hajiya ta yi min magana, tana son in tsara mata zanen da za a buga a jakunkunan rabon bikin 'yarta. Ta turo hoton wani tsohon zani da ya sha wanki har ya koɗe, ta ce irin wannan take so, tun da aka daina kawo shi take nemansa. Na buɗe hoton, kasko ne da hayaƙi.

"Na san aikin Turawa ne, ba lallai ka iya kamarsa ba," ta ce, "amma ka kwaikwaya iya ƙoƙarinka."

Na nemo ainihin zanen inda na adana shi, ban taɓa ko layi ɗaya ba, na bari kwana biyu suka wuce don kada ta ce na yi gaggawa, sannan na tura mata.

Ta duba ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Malam, Allah ya ƙara basira. Sai dai ka san bai kai na asalin ba."