Baƙon da Ya Kira Ni Bora

Ko tsufa zai zo ya share min kai tas, na tabbata zai bar min makon da ɗan ƙasar Brazil ya sauka a gidanmu. Ba zan taɓa mantawa da shi ba, domin a makon ne na ɗaga murya a tsakiyar turawa har alƙalin wasa ya tsawatar min ta lasifika.

Ni mace ce mai son zaman gida. Mun daɗe a Landover, kusa da Washington a Amurka, amma in ka cire kantin kayan miya, masallaci da gidan suna, ban san hanyar ko'ina ba. Boko ban yi nisa ba, Turancina na cefane ne. Sai dai Allah ya ba ni kunne. Daga yadda maigidana ya rufe ƙofar mota nake sanin yadda kasuwar ranar ta kasance.

Shi direban motar haya ne. Wata rana da la'asar, lokacin zafin nan na Washington da ke manne wa mutum kamar rigar da ba ta bushe ba, sai na ji taku biyu a bakin ƙofa. Ɗaya nasa ne. Ɗayan kuwa mai shi yana lallaɓa ƙafar dama.

"Hajiya, ga baƙo na kawo miki," in ji maigida. "Daga filin jirgi na ɗauko shi. Ɗakin da ya kama ta waya, mun je an ce an ba wani. Na ce ɗakin ƙasa ai babu kowa tunda ɗanmu ya koma wurin aikinsa."

Dogon mutum ne, rana ta ƙona shi, da wata doguwar jaka a kafaɗa. Na ce, "Makaɗi ne?" Maigida ya ce a'a, ɗan wasan tenis ne, ya zo babbar gasar da ake yi a Washington duk shekara. Ni a lokacin iyakar sanina da tenis shi ne mutum biyu suna jifan juna da ƙwallo kamar an hana su gaisawa.

Ranar farko taliya na dafa masa, don a tunanina ita ce abincin duk wani mai jan kunne. Ya ci, ya yi godiya, amma ƙarar cokalinsa ta gaya min ladabi ne kawai. Washegari na dafa wa kaina wake da shinkafa. Sai ga shi ya hawo sama yana bin ƙamshi. Da ya hango garin kwaki a cikin roba, ya tsaya cak, ya ɗiba a tafin hannu, ya shinshina, idonsa ya kawo ruwa. Ashe wake da shinkafa da garin rogo ne abincinsu na kullum a can. Ya nemi izini, ya soya garin da man shanu da albasa, ya barbaɗa a kai. Ya cinye faranti biyu. Tun ranar ya fara kira na Mama.

Kashegari da safe abin ya faru. Maigida zai kai shi atisaye. Baƙon ya rataya jaka, ya juyo wajen kicin inda nake tsaye, ya tafa hannu, ya ce da ƙarfi, "Bora! Bora!" Maigida kuwa ya kwashe da dariya, suka fice.

Na tsaya da ludayi a hannu. Kunnena ba ya yi min ƙarya. Bora fa ya ce, wato matar da miji ba ya so. A gidana, bayan ya cinye min wake! Kuma wa zai koya wa baƙon da ya zo shekaranjiya wannan kalma in ba wanda suke yini a mota tare ba? Har yau ina cewa duk macen da ta ji abin da na ji, sai ranta ya ɓaci.

Na kira ƙawata 'yar Maraɗi da ke Takoma Park. Ta ce, "Mi? Bora ya ce miki? Ke 'yar'uwa, ai bora ba ta samuwa sai da mowa. Bincika dai, mutanen ga na mota ba a shaidarsu."

Kashegari ma haka, bora, bora, da tafi. Na dai daina zuba wa maigida man shanu a miya, kuma duk tambayar da ya yi min amsarta "to". Da yamma muna zaune a tebur mu uku, ya ajiye cokali.

"Hajiya, wai me na yi ne? Miyar nan ta kwana biyu tana fushi da ni."

"Tambayi ɗalibinka," na ce. "Tunda ka buɗe makarantar Hausa a mota, ka rasa abin koya masa sai bora? In akwai mowar, ka faɗa min in san matsayina."

Mutumin nan ya yi dariya har ya ƙware, sai da baƙon ya bubbuga masa baya. Da ya farfaɗo ya ce shi ma abin da ya ba shi dariya ke nan tun ranar farko. Ashe a yarensu bora na nufin "mu je", "tashi mu tafi". Da ita suke zuga kansu, da ita 'yan kallonsu ke zuga ɗan wasa. Sannan ya juya ya bayyana wa baƙon abin da take nufi a wurinmu.

Na zaci baƙon zai yi dariya. Ya yi ɗan murmushi dai, yana juya cokali. Can ya ce, a Turancinsa mai kama da nawa, "To ai Mama, ni ne bora."

A nan ya ba mu labarinsa, maigida yana cike min inda na rasa. Mahaifinsa mai share filin tenis ne a wani kulob na masu hali, a wani ƙaramin gari. A kan jar ƙasar da uban ke sharewa ya koyi wasa, da tsohon raket, wato abin buga ƙwallon, da wani ya yar. Yana saurayi ya yi tashe, ya zaga duniya, ya buga da manyan da ake gani a talabijin, kamfanoni suna ba shi takalma. Sai gwiwa ta tashi. Aka yi masa aiki, ya dawo, ta sake tashi. Kafin ya warke sunansa ya gangara ƙasa, kocinsa ya koma wajen wani yaro, masu takalma suka daina ɗaga waya. Yanzu shi ke ɗaukar jakarsa, kuma sai ya ci wasa biyu na share fage kafin a bar shi ya shiga ainihin gasar. Ya ce ya yi wa matarsa alkawari: in bai tsallake a nan ba, zai rataye raket, ya koma gida.

Ranar Asabar ya ci na farko da ƙyar. Da ya dawo na ji takun nan ya ƙara nauyi. Ranar Lahadi da safe ya rataya jaka, ya dube ni, ya buɗe baki, sai ya tuna, ya rufe. Bai tafa hannu ba. Wallahi shirun nan ya fi kalmar yi min ciwo. Na ce wa maigida, "Tsaya in ɗauko hijabina."

"Ke? Filin wasa?"

"Ni. Kuma mu biya mu ɗauki 'yar Maraɗi, ita ta ƙara wa wutar fetur, ta zo ta ga yadda za a kashe."

A can ƙuryar baya aka sa wasansa, a wani ƙaramin fili mai 'yan kujerun ƙarfe da rana ta gasa. Abokin karawarsa wani matashi ne ɗan nan ƙasar, kuma kusan duk wanda ke zaune nasa ne. Maigida ya ja mana kunne: turmi uku ake yi kamar dambe, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kuma in ƙwallo na tafiya ko tari ba a yi.

Yaron nan ya cinye turmin farko kafin in gama gane wa ke gaba. A na biyu ma ya fara jan zare. Ni ban iya lissafinsu ba, amma ina ji. Da farko duk bugun da baƙonmu zai yi sai ya yi wani nishi daga ciki, kamar mai daka. Yanzu nishin ya ɗauke. Haka mai daka ke yi in ta fara tunanin ajiye taɓarya. Duk wanda yaron ya ci, fili ya ɗauki tafi. In namu ya ci, sai ka ji ƙarar motocin titi.

Suka zauna hutu, baƙonmu ya lulluɓe kansa da tawul. Ban yi shawara da kowa ba. Na miƙe tsaye, na tafa hannu yadda yake yi, na buɗe muryar da nake kiran yara da ita tun suna ƙanana, na ce, "Bora! Boraaa!"

"Hajiya, zauna mana!" in ji maigida yana jan hijabina.

'Yar Maraɗi kuwa sai ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Turawa suka waiwayo gaba ɗaya. Ya yaye tawul ɗin, ya gan mu, ya fashe da dariya har kafaɗunsa na rawa. Muna cikin haka suka miƙe za a ci gaba, alƙali ya yi magana ta lasifika yana kallon wajenmu. Na tambayi maigida me ya ce. Ya ce, "Cewa ya yi matar direba ta yi mana shiru."

Amma kalmar ta riga ta tashi. Wasu 'yan ƙasarsu masu rawayen riguna suna wucewa za su babban fili, suka ji yarensu daga bakin wata mai hijabi, suka karyo kwana. Kafin a jima benci ya cika. Duk inda aka tsaya, su bora, mu bora. Suna nufin nasu, ni kuwa duka biyun nake nufi.

Nishin ya dawo. Ya daina tseren ƙarfi da yaron, ya koma yi masa wasan manya: ya ajiye masa ƙwallo dab da raga, in ya rugo sai ya ɗaga ta bayansa. Ya ƙwace turmi na biyu. Na ukun ya yi tsawo har tafin hannuna ya yi ja. Ƙwallon ƙarshe yaron ya buga ta cikin raga. Baƙonmu ya gaisa da shi, ya gaisa da alƙali, sannan ya zo gabanmu ya dafa ƙirji ya rusuna. Ya ce, "Mama, bora ta shiga."

Bai ɗauki kofi ba. A cikin babbar gasar ya ci wasa ɗaya, aka fitar da shi a na gaba. Amma bai rataye raket a makon ba. Ya ƙara 'yan shekaru yana bugawa, ya bar wasan ranar da shi ya ga dama, a garinsu, mahaifinsa na kallo. Yanzu yara yake koyarwa a filin da uban ya share. Duk sallah sai ya turo gaisuwa, yana tambayar garin kwaki.

Abin da na koya shi ne, in kalma ta soke ka, ka tambayi mai ita kafin ka hana miya man shanu. Na kuma gane cewa wanda aka tura ƙuryar baya ba taron jama'a yake nema ba, murya ɗaya ta ishe shi, in dai ya san tasa ce. Maigida har yau in za mu fita sai ya tafa hannu ya ce bora. Ni kuma in ɗauki jakata in shige gaba.