Motoci Biyun Da Ba Na Malam Ilu Ba

Ina tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, ina shirin sauya layi zuwa ofis, kiran Sabi'u mai gadi ya shigo. Ko sallama bai yi ba. "Malam Ilu ya cika," kawai ya ce. Da safe ya yanke jiki ya faɗi a harabar gidan da yake tuƙi, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da yardar iyalinsa da ke Funtuwa muka yi masa sutura a nan Doha.

Malam Iliyasu, wanda muke kira Malam Ilu, direba ne a gidan wani Balarabe a unguwar Lusail. Ban da kai yara makaranta, an danƙa masa kula da motoci biyu na babban ɗan gidan: wata ja ƙirar Amurka mai silinda takwas, da wata ruwan toka 'yar Jamus, gajera mai ƙofa biyu. Idan zafi ya tsananta mutanen gidan suka tafi Turai, aikinsa ne ya riƙa fita da kowacce yana zagayawa, don kada batir ya mutu ko taya ta kwanta. Kafin ya zauna a kujerarsu sai ya shimfiɗa tawul. Duk ƙarfinsu ban taɓa ganin ya wuce ƙa'idar gudu ba. Yakan ce, "Kyamarar titi ba ta san ƙafar da ta taka ba, mai mota take bi. Ba zan ja wa mutum tara yana can yana hutu ba." Idan ya ratsa ta wurin 'yan uwanmu masu gadi da rana, da wuya ya wuce bai miƙa musu ruwan sanyi ba.

Ranar Juma'a mukan taru a ɗakin su Sabi'u a unguwar Fereej Abdel Aziz, a ci shinkafa da wake, a ɗora shayi, sai musu ya tashi. Malam Ilu ɗan bayan jar motar ne. "Wannan da ƙirji take magana," in ji shi. "Da kuɗin 'yar Jamus ka sayi irinta, ka yi aure da canjin. Idan ta lalace kuma bakanike mai sifana ya ishe ta. Waccan ko fitila ce ta yi ƙyafta sai an kira masu kwamfuta." Ni kuwa ina tare da ta Turai. Nakan ce ƙarfi ba shi ne komai ba: ta fi sauƙin nauyi, birkinta ya fi kamawa, tana shan kwana kamar an zana mata layi, kuma ranar sayarwa ba ta zubar da daraja kamar ja.

"Malam, kai da ko keke ba ka da shi a Doha, ina ruwanka da kwana?" in ji Malam Ilu.

Sai ɗaki ya kwashe da dariya. Amma ba ya musun abin da ya gani da idonsa. Ya yarda cewa ja a miƙaƙƙen titi take sarauta, a shataletale kuwa sai an lallaɓa ta kamar tsohuwa mai ciwon ƙugu. Har ya rasu ba mu gama wannan musu ba, kuma ba na jin ɗayanmu ya so a gama.

Akwai wata ɗabi'a tamu ta mazauna nan wadda kowa ya sani, ba mai faɗa. Mukan tsaya jikin motar da ba tamu ba a ɗauke mu hoto, mu tura gida. Mai neman aure ya yi, mai son 'yan unguwa su daina raina shi ya yi. Da yawanmu jikin motocin nan biyu muka yi namu. Shi bai taɓa yi ba, sai wata Sallah da muka matsa masa, muka tsayar da shi tsakaninsu da babbar riga, makullai a hannu. Wani ya tura hoton dandalin 'yan garinsu. Malam Ilu ya bi ya rubuta a ƙasa cewa motocin maigidansa ne. Mutane suka yi ta yaba masa ƙanƙan da kai, suna cewa haka masu arziki na gaskiya suke, ba sa son a sani.

Bayan rasuwar, sai ƙanensa Garba ya kira ni. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a, sannan ya gyara murya.

"Malam, an ce kai ka san kan mota. Cikin biyun nan na Yaya, wacce ta fi tsada? So muke a sayar da ɗaya a can, a turo ɗaya gida."

Ina jin nauyin rubuta abin da ya biyo baya. Ban ce masa komai game da mai motocin ba. Bakina ya bi hanyar da ya saba. Na ce 'yar Jamus ta fi kuɗi a kasuwa, amma ba za ta jure ramukan hanyar gida ba saboda cikinta a ƙasa yake. Ja ta fi sauƙin gyara, sai dai shan mai. Na yi bayani tsaf, kamar muna ɗakin su Sabi'u. Ya yi godiya ya kashe. Na ce wa kaina ba a karya zuciyar mai makoki, zan faɗa masa daga baya.

Ban kai ga kiransa ba matar marigayin, Maman Hafsa, ta sa aka nemo lambata, ta kira ni. Muryarta a dashe take.

"Malam, don girman Allah ka faɗa wa danginsa gaskiya. Na ce musu ba nasa ba ne, sun ce bakinmu ɗaya da ku, wai so nake a ɓoye su a hana Inna, mahaifiyarsa, rabonta. Yanzu kuma Garba ya ce kai da kanka ka tabbatar masa. Jiya ko amsa gaisuwata Inna ba ta yi ba."

Mace tana cikin takaba, da 'ya'ya a gabanta, surukarta ta juya mata baya saboda hoton da muka ɗauka muna dariya, da bayanin da na yi don gudun minti ɗaya na jin kunya. Na kira Garba na faɗa masa. Sai ya ce, "To makullan da ke hannunsa fa?" Na gane maganar waya ba za ta wadatar ba. Shi ya sa na rubuta wannan, don a karanta a inda aka ga hoton.

Ina shaida, kuma duk wanda ya zauna da shi a Doha zai shaida, cewa Malam Iliyasu bai mallaki mota a ƙasar nan ba, ja ko ruwan toka. Amana aka ba shi, ya riƙe ta har ranar da ya faɗi kusa da ita, kuma ta koma hannun masu ita ba ko ƙwarzane. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kansu ba. Maman Hafsa gaskiya ta faɗa tun farko. Duk wanda ya zarge ta, ina roƙonsa ya je ya ba ta haƙuri tun kafin ta fita takaba. Mu da muka jawo mata, mun fara ba da namu.

Allah Ya jiƙan Malam Ilu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa a wannan ƙasa da ya zo neman halali. Allah Ya ba Inna haƙurin rashin ɗa, Ya sanyaya zuciyarta a kan surukarta. Allah Ya raya Hafsa da ƙannenta, Ya tsaya wa mahaifiyarsu, Ya haɗa kan gidan. Mu kuma Ya yafe mana, Ya sa mu cika da imani. Amin.