Giɓi huɗu a bakin ƙwaryar Inna

Ban shiga aji ba sai da na haura arba'in, a nan Madina, ajin mata na bayan la'asar. Don haka kada wani ya zo yana min gyaran rubutu. Abin da ya faru zan faɗa.

Shekarar da na ɗauko Inna daga gida, jikinta ya riga ya ƙi. Ɗaki biyu muke haya a Anbariyya, ni da ita da 'yata, haifaffiyar nan. Inna ta yi mata Hausa, yarinya ta juyo wajena ta ce, "Esh tugul?" wato me take cewa. Inna ta ce, "Balarabiyar banza, ko kunu ba ki iya roƙa ba." Su yi ta dariya. Ni ba na dariya. Tsohuwa tana ƙarewa a gabana, kuma duk abin da ke bakinta da shi za ta tafi.

Lokacin ina shara da wanki a gidan wata likita 'yar Najeriya da ta yi karatu a Kanada. Wata rana na tarar tana nuna wa yaranta wani faifan kwamfuta. Ta ce na mutanen Anishinabe ne, 'yan asalin can, waɗanda Turanci ke cinye musu harshe. Matasansu ne suka zana kayan gidansu da adon tufafinsu. Ka taɓa hoto, muryar wata tsohuwa ta faɗi sunansa. Na tsaya da tsintsiya a hannu har ya ƙare.

Na ce, "Likita, irin wannan za a yi wa Inna."

"Yaya, ba sauƙi fa."

"Ban tambaye ki sauƙi ba."

Ta ara min rikoda, ta kwatanta min wani Basudane a Sultana mai tsara katin biki da allon shaguna a kwamfuta. Ya ce, "Ya hajja, ludayi? Maburgi? Na'urata ba ta san su ba." Sai na riƙa kai masa kayan a buhu yana ɗaukar hotonsu yana zanawa. Ni kuma in kawo takardar gida, Inna ta duba ta faɗi suna da amfanin abin, rikoda na ɗauka.

Har muka zo kan ƙwaryarta, wadda ta zana da kanta da wuƙa mai zafi tun kafin a haife ni. Layin da ya zagaye bakinta ya katse wuri huɗu. Basudanen nan ya haɗe shi tsaf a zanensa, ya ce ya gyara min. Ni sakarya har godiya na yi.

Inna ta daɗe tana kallon takardar.

"Wa ya rufe?"

"Gyara ne, Inna."

"Gyaran uban wa? Yayyenki ne nan. Huɗu na binne kafin ke, kowanne na bar masa ƙofa."

Na san an yi rashi kafin ni, amma ban taɓa jin wannan ba, kuma sunan biyu kawai na sani. Na tura rikoda kusa da bakinta, na ce ta faɗe su. Ta juya fuska bango, ta ce sai an buɗe tukuna.

'Yata ta ce, "Esh fi, Ummi?" wato me ya faru.

Na daka mata tsawa. "Tambaye ta da kanki! Ga ta nan, kakarki ce!"

Ta buɗe baki, babu abin da ya fito, sai kuka.

Na koma Sultana a ranar, shago a rufe. Maƙwabcinsa ya ce ya tafi Badar kafa wa masu gonar dabino allo. Kwana uku ina zarya, ina dukan ƙofar ƙarfe kamar mahaukaciya. A rana ta biyu harshen Inna ya karye. Da Basudanen ya dawo, bai ko gama shan shayinsa ba ya buɗe giɓin nan huɗu.

Na kai mata takardar da gudu. Ta ɗora yatsa a kan na farko, laɓɓanta na motsi. Na kunna rikoda, na kara kunne, na roƙe ta, na ce Inna ko ɗaya. Numfashi kawai aka ɗauka. Bayan mako biyu muka kai ta makwancinta.

An gama faifan. Ka taɓa ludayi, Inna ta yi magana, har da tarinta. Ka taɓa ƙwarya, shiru. Likita ta ce in sa muryata a wurin. Na ce mata in ce me?