Rufin Baba Tomekichi

A unguwarmu ta garin Iwamizawa mai yawan dusar ƙanƙara, da hunturu ya kama sai kowane gida ya fito da haƙoran ƙanƙara a bakin rufi, ban da gidan Baba Tomekichi mai aikin rufin kwano. Shekara talatin muna katanga ɗaya da shi, kuma ban taɓa ganin mutum mai taƙama da rufi kamarsa ba.

Ko ba ka tambaya ba sai ya yi maka karatu. Wai zafin ɗaki ne ke hawa ya narkar da dusar ƙanƙarar da ke kwance kan kwano, ruwan ya gangaro bakin rufi inda sanyi yake, ya daskare ya tare hanya. Na bayansa sai ya kurɗa ƙarƙashin kwano ya sauko maka a ka. Shi ya sa murhun kananzirinsa bai taɓa wuce rabi ba. In ka je shan shayi gidansa, da rigar sanyinka za ka zauna.

"Tsohon nan rowa ce kawai, yake fakewa da rufi," in ji matarsa Fusae, ƙafafunta cikin bargo.

Shi kuwa sai ya ce, "Ƙara safa mana! Kin taɓa shanya katifa saboda yoyo a gidan nan?"

Har yau ina kewar wannan faɗan nasu.

Hunturun da aka sallamo Fusae daga asibiti, ta rame ta lalace, na fito wata safiya na ga ƙanƙara ta yi kauri a bakin rufinsu. Baba ya haura tamanin a lokacin, hawa sama ya fi ƙarfinsa, sai na ɗauki tsani da gudumar katako na nufi gidan.

Ina buɗe ƙofa zafi ya buge ni. Murhu na ci iya ƙarfinsa. Silin ya jiƙe ya yi ciki, ga tukwane huɗu a ƙasa suna tarar ruwa, har da ta dafa shinkafa. Fusae na barci kusa da wutar.

Na ce, "Baba, ko na fasa ƙanƙarar nan yau, jibi za ta dawo. Rage wutar, katakon sama zai ruɓe."

Ya zubar da tukunya ɗaya, ya mayar da ita mazauninta.

"Kai za ka koya min? Tun ba a haife ka ba na san haka," ya ce a hankali don kada ta farka. "Bar shi ya ruɓe. Wata biyu ke nan, sai jiya ta kwana ba ta yi rawar sanyi ba."